Tara Su Mutu, Ɗaya Ta Tashi

A shekarar da aka cire tallafin mai, lokacin da mutum zai tambayi kuɗin tiyar masara a gaya masa ya juya ya wuce, Mannir yana aikin ajiye fayil a wani ofishi a Batsari. Shekara goma sha tara yana kan kujera ɗaya. Amma in ka same shi a majalisar bakin tasha da yamma, sai ka ɗauka shi ake bugo wa waya kafin a tsayar da farashin dala. Babu abin da bai sani ba. Abin da bai sani ba kuwa, a cewarsa, ba a riga an gano shi ba ne.

Da babbar sallah ɗan yayarsa Najib ya zo gida daga Abuja, inda yake aiki a wani kamfanin zuba jari. Suna tsaye a tasha ana jiran mota ta cika, Mannir ya tambaye shi ainihin abin da suke yi a can. Najib ya yi masa bayani na minti ashirin. Mannir ya gane rabi, ya cike sauran da kansa.

Ranar Litinin ya sa babbar riga ya nufi makarantar firamaren unguwarsu, inda malamai ke da adashi. Ya same su a ofishin hedimasta, Malam Rabe, dattijo mai sanyin hali. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da yanayin gari, sannan Mannir ya gyara zama.

"Abin ba wuya," ya ce. "Ku ke da kuɗi, ni ke da ido. Ku tara, ni in zuba. Ba bashi zan ba mutane ba, bashi tsohon yayi ne. Kaso zan saya a cikin sana'arsu. In sana'a ta girma, kasonmu ya girma, sai mu sayar wa wanda ya fi mu kuɗi, mu fita. Sunanshi jarin kasada."

Malama Hansatu, mai koyar da lissafi a aji shida, ta ajiye jan biro. "In ba ta girma ba fa?"

"An yi tunanin wannan tun kafin a haife ki. Sana'a goma ake zuba wa. Tara su mutu, ɗaya ta tashi ta biya na goman har da riba. Haka ake yi a Amurka."

"Kai kuma mi ke naka?"

"Biyu cikin ɗari duk shekara, ladan ido. Sai ashirin cikin ɗari na riba."

"In asara aka yi, nawa ne naka a ciki?"

"Asara ta masu jari ce, Malama. Ni ma'aikacinku ne."

Malam Rabe ya tambaya a hankali yaushe za su ga kuɗinsu. Mannir ya ce shekara goma.

"Ni saura shekara biyu in yi ritaya, Mannir."

"Ka ga ke nan a zaune za su same ka, Malam."

Da a wata shekara ce, da shayi kawai za a ba shi a raka shi ƙofa. Amma a lokacin kowa ya ga yadda adashi ke narkewa a hannu. Abin da zai sayi buhu ranar da ka fara zubi, ranar ɗauka rabin buhu yake saye. Malamai goma sha ɗaya suka shiga. Malam Rabe ya sa kuɗin da ya ware don hatsin gidansa na bazara. Malama Hansatu ta sa mafi ƙanƙanta, ta ce ita dai tana sayen damar yin tambaya ne. A gida kuma Mannir ya kwana uku yana yi wa matarsa Zuwairatu bayani, har ta sayar da awaki biyu cikin biyar ɗinta don ta samu ta yi barci.

Abu na farko da ya yi, ya cire ladan ido na shekara ya yanko hatimi mai ɗauke da suna Asusun Jarin Kasada na Batsari da Safana. Na biyu, ya sa aka yi shela.

Washegari layi ya kai bakin masallaci. Tambaya ɗaya yake yi wa kowa: ina kake ganin sana'arka nan da shekara goma? Mai aski ya ce a nan bakin tasha, in da rai. Mannir ya ce ya koma bayan layi ya sake tunani. Da ya zagayo ya ce Dubai, aka buga masa hatimi. Kafin azahar kowa ya gane amsar. Mai faci ya ce Misira. Mai cajin waya ya ce Sin. Ya'u, mai injin niƙa daga Karare, bai san sunan ƙasa ba sai Saudiyya, ita ma an riga shi, sai ya ce bayan Saudiyya. Sammani daga Zakka ya zo da zancen kiwon bijimi, asusu ya sayi kashi ɗaya cikin uku na bijimin.

Ta goma ita ce Larai mai ƙosai, wadda ta shekara ashirin tana suya a bakin hanyar kasuwa tare da ƙanwarta Hussaina. Da ya yi mata tambayar sai ta dube shi.

"Ko a nan, ko a kabari."

Amsar ba ta yi masa ba, amma goma ake buƙata kuma rana ta yi. Ya sayi talatin cikin ɗari na ƙosanta.

Daga nan ya tara su gaba ɗaya don ya ƙarfafa musu gwiwa. Larai ce kaɗai ba ta zo ba, wakenta na jiƙe. Ya ce kada wanda ya ji tsoro. A wannan tsari an san tara za su mutu, an ma sa mutuwarsu a lissafi, babu wanda za a kai kotu. Ɗayan da ya rage shi zai biya na kowa. Mutanen suka saurara da kyau. Wasu har suka nemi ya maimaita ƙarshen.

Sati uku bayan haka mai faci ya yi sallama a ƙofar gidansa.

"Malam Mannir, na zo in sanar. Tawa ta mutu."

"Yaya aka yi?"

"Mutane sun jingine babura, mai ya gagara. Ba mai hawa, ba mai faci. Kuɗin kuma na sayi gero, yara sun ci."

Mannir ya ɗauko littafi ya ja layi a kan sunan. "Madalla. Saura takwas." Ya sa aka kawo masa ruwa, ya raka shi har bakin titi yana gode masa.

Labari ya zaga gari cewa mutuwa ba ta da wata wahala, har rakiya ake yi. Mai aski ya mutu ranar Laraba. Mai ƙanƙara ya mutu ranar Asabar, kuma nasa gaskiya ne, an yi kwana tara babu wuta. Mai kaji da mai wanki suka zo tare a kan keke ɗaya. Duk wanda ya zo, fuskar Mannir sai ta ƙara haske, don a ganinsa kowace mutuwa tana matso da wadda za ta tashi. Zuwairatu ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallon yadda yake jan layi.

"Baban Zakiyya, ni ban taɓa ganin mai jari yana murna da asara ba."

"Don ba ki taɓa ganin mai jari ba ne."

Wata safiya Ya'u ya iso daga Karare, gumi ya jiƙe masa riga, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Yallaɓai, halan akwai sauran gurbi?"

"Gurbin mi?"

"Na mutuwa. An ce bakwai sun shiga, saura biyu. Na ji tsoro a cike a bar ni da biyan na mutum goma."

"Injin ya mutu ne?"

"Yana tari dai. Amma in akwai gurbi, ba zai kai Juma'a ba."

Mannir ya ce sai ya gani da idonsa, don asusu ba ya aiki da jita-jita. Ranar Juma'a ya hau babur ya je Karare. Injin ya cika alkawari.

Daga can ya karkata wajen Safana don ya duba bijimi a Zakka. Ya tarar da turke da igiya da kashin shanu, babu bijimi. Sammani ya shimfiɗa masa tabarma, aka kawo fura.

"Sammani, ina bijiminmu?"

"Ai na sayar da kasona, biyu cikin uku. Kai ka ce mai kaso yana iya sayarwa ya fita. Dusa ta yi tsada, na fita."

"To nawa fa?"

"Naka na nan jikinshi, ban taɓa ba. Na ma gaya wa mai sayen, na ce kashi ɗaya na wani Malami ne a Batsari, a kula da shi."

"Ina mai sayen?"

"Ya loda shi a tirela. Legas ya ce, ko Fatakwal."

Mannir ya shanye furar, ya buɗe littafi ya rubuta cewa jarin asusu ya shiga kasuwannin Kudu. Ya ɗan yi tunani, ya ga in ya bar shi a haka takwas ne kawai suka mutu. Sai ya ja layi a kai, tara ta cika.

Saura Larai. Ita kuwa ba ta san ana mutuwa ba. Da kuɗin ta sayi wake tun yana da sauƙi, ta sayi babban kasko, ta ci gaba da abin da ta saba. Mutanen da burodi ya gagara duk sun koma koko da ƙosai. Daga asuba zuwa hantsi layinta ba ya yankewa.

Mannir ya fara zuwa kullum yana tsayawa a gefenta, hannu a baya, yana gaya wa masu saye cewa tun ranar farko ya hango. Sannan ya tuna Najib ya ce darajar kamfani ita ce farashin da aka sayi kasonsa na ƙarshe. Ya lallaɓa Zuwairatu ta ba da akuya ta uku, ya sayar, ya kai wa Larai naira dubu hamsin ya sayi ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari. Da yamma ya je makaranta ya sanar da malamai cewa ƙosan Larai ya kai darajar miliyan biyar.

"Wa ya ce?" in ji Malama Hansatu.

"Kasuwa. An sayi kashi ɗaya a dubu hamsin. Ki ninka sau ɗari, ke ce mai lissafi."

"Wa ya saya?"

"Wani mai jari."

"Sunanshi?"

"Ni ne. Amma da hankalina na saya."

A ranar ya kira Najib ya tambaye shi mataki na gaba. Najib ya ce akwai wasu masu jarin da ba ƙaramin kaso suke saye ba. Su rinjaye suke saye, fiye da rabi, su karɓi ragama, su rage kashe kuɗi, riba ta ƙaru, su sayar da tsada. "Amma fa Kawu, abin da za ka kula da shi shi ne..." Daidai nan katin Mannir ya ƙare. Bai sa wani ba, ya ce ai ya ji mai muhimmancin.

Ya je wa Larai da maganar ƙarin kashi ashirin. Ta ci gaba da juya ƙosai.

"Miliyan ɗaya."

"Yaya Larai, ƙosai ne fa."

"Kai ka ce kashi ɗaya dubu hamsin ne. Duk kasuwa an ji."

Mannir ya kwashe rabin awa yana rantsuwa cewa sana'ar ba ta kai haka ba: rumfa na yoyo, benci ya karye, ita kanta ta fara manyanta. Masu layi suka saurara, cikinsu har da malamai biyu. A ƙarshe aka daidaita a kan babur ɗinsa da sauran awakin Zuwairatu biyu, waɗanda ya kora da kansa lokacin da ta tafi barkar haihuwa. Aka rubuta takarda, ya buga hatimi sau uku. Asusu ya mallaki hamsin da ɗaya.

Washegari ya zo da ƙafa, da jerin gyare-gyare. A rage girman ƙosai. Larai ta ce to. A cire albasa, tunda ba ganinta ake yi ba. Ta ce to. Yaji ya zama na saye. Ta ce to. Man suya kuma sati-sati za a riƙa canzawa. Ta ce to. Sai ya nuna Hussaina, wadda ke bugun ƙullu a gefe, ya ce aikin mutum biyu mutum ɗaya zai iya, a sallame ta. Larai ta dube shi, ta dubi ƙanwarta. Sannan ta ce to.

Kwana biyar aka yi ana sayar da ƙosai kamar ƙwallon goruba da aka tsotse. Mannir ya ce lokacin fita ya yi. Ya samo mai saye, Alhaji Umar Faruk, mai gidan burodi a Safana, ya ce ya zo ranar kasuwa da ƙarfe bakwai ya ga layi da idonsa. Ya gayyaci malamai duka su shaida ranar da tarihi zai canza.

Ranar ya sa babbar rigarsa ta sallah, ya jagoranci tawagar daga tasha. Tun daga nesa suka hango layi, ya fi na kullum tsawo. Mannir ya nuna musu da hannu. Da suka matso sai suka ga layin yana tsallaken titi ne. A rumfar asusu babu kowa. Murhu a sanyaye, kasko a kife, bokitin ƙullu a gefe an rufe da faifai.

A tsallake Hussaina ta kafa sabon murhu. Larai na zaune a gabansa tana suya, ƙamshin albasa ya cika titi.

Mannir ya tsallaka. "Yaya Larai, mi ke nan?"

"Ƙanwata ce ta rasa aiki ta buɗe nata. Ina taya ta."

"Kamfaninmu fa?"

"Yana can. Ga kasko, ga rumfa. Ƙullun ma na auna maka hamsin da ɗaya, har da gyara."

"Amma ke muka saya."

"Ɗauko takardar ka karanta. In ka ga hannuna a ciki, in taso."

Ya ciro takardar ya karanta sau biyu. Akwai kasko, akwai rumfa, akwai benci, akwai matsami. Babu hannu.

Alhaji Umar Faruk ya duba agogo. Mannir ya juyo ya ce kamfani na gaskiya ba ya dogara da mutum ɗaya, kuma yanzu zai nuna musu. Ya koma ya naɗe hannun riga, ya hura wuta da kwali, ya juye mai. Bai san sai an buga ƙullu kafin a soya ba. Ya ɗebo da ludayi ya zuba, ƙullun ya nutse ƙasa ya kwanta kamar ya zo hutawa. Ya ƙara wani a kai. Suka haɗe suka zama faifai guda, baƙi a ƙasa, ɗanye a sama. Ya ƙara itace. Hayaƙi ya turnuƙe, hannun rigar ya warware ya leƙa cikin mai, daga nan ya leƙa cikin wuta.

Layin tsallake ya juyo gaba ɗaya, kowa da ƙosai a hannu. Mai aski na ciki, da mai ƙanƙara, da mai kaji, duk matattun asusu suna karin kumallo. Mai faci ne ya ruga ya tuɓe masa rigar ya tattake, sannan ya kamfato yashi da bokiti ya juye a cikin kaskon. Wuta ta mutu. Mannir ya tsaya a singileti, hula a karkace, matsami a hannu.

Alhaji Umar Faruk ya zagaya kaskon ya ƙwanƙwasa gefensa. "Shi wannan in an wanke, nawa?"

"Arba'in da tara nawa ne a ciki," in ji Larai daga tsallake, ba ta ɗago ba. "Ba na sayarwa."

Alhaji ya sayi ƙosan ɗari biyar a wurin Hussaina ya koma mota.

Malama Hansatu ta matso. "Malam Mannir, nawa suka mutu ke nan?"

"Goma."

"Ka ce tara."

"Tara a Amurka. Nan akwai tsadar mai."

Mutane suka yi dariya, amma Malam Rabe bai yi ba. Ya zauna a kan karyayyen bencin ya cire tabarau yana gogewa.

"Kuɗin hatsin gidana ne, Mannir. Mutum goma sha ɗaya ke ci a tukunyata."

Mannir ya ajiye matsamin a ƙasa.

A nan bakin titi aka yanke magana, jama'a na shaida. Kashi ɗaya cikin uku na albashinsa zai riƙa zuwa hannun Malama Hansatu duk wata, a fara da Malam Rabe. Zuwairatu, wadda labari ya iske ta a gida ta zo da mayafi a karkace, ta ce a rubuta awaki biyar, kuma biyu daga ciki suna da ciki lokacin da aka kore su. Aka rubuta bakwai. Larai ta kwashe ƙosan da ke wuta, ta goge hannu, ta ce kuɗin malamai da ta karɓa tun farko sun yi mata amfani, ba za ta ci hakkinsu ba. Za ta riƙa ba su kasonsu daga sabon wuri. Sharaɗinta ɗaya ne: kada wancan ya sake tsallako titin nan, ko da saye zai yi.

Wata uku bayan haka Mannir yana zuwa ofis da ƙafa, kuma ya ce likita ne ya ba shi shawara. Wata yamma a majalisar bakin tasha ya bayyana cewa a duk duniya asusun farko na koyo ne, manyan masu jari ba sa ma ƙirga shi. Ya ce tuni ya buɗe Asusu na Biyu.

Mai aski ya tambaye shi mutum nawa suka zuba.

"Babu tukuna."

Mannir ya gyara hula ya dubi majalisar ɗaya bayan ɗaya.

"Wata uku ke nan da buɗewa, ko kwabo bai yi asara ba. A duk jihar Katsina ku nuna mini asusun da ya kai shi."